Shekarar da Muka Tada Ƙadangaruwa

Na san abin da ake faɗi a kaina game da motar Baba Bala. Na ji shi a bakin 'ya'yansa, na ji shi a bakin surukai, kuma na san ku ma 'ya'yana kun ji, kun yi shiru ne don ni ubanku ne. Ana cewa na cire wa yayana kafiretocin motarsa yana kwance ba lafiya, na sayar, na liƙa masa na tsohuwar tasi. Ban taɓa musawa ba, domin da bakina na faɗa. Yanzu da Allah ya karɓi ran matarsa, Inna Hajara, kuma ta yi mini izini kafin ta cika, zan rubuta yadda abin ya kasance sau ɗaya. Ba na neman kowa ya zo ba ni haƙuri. Na dai gaji da yadda Nasiru, babban ɗansa, yake gaishe ni yana kallon takalmina.

Ku ba ku taɓa ganin motar tana tafiya ba. 'Yar ƙarama ce koriya, mai kujera biyu, ba rufi, ƙafafunta masu waya irin na keke, kuma ta kwanta ƙasa sosai har mutanen Kaura suka sa mata Ƙadangaruwa. Yaya Bala ya same ta ne wurin Baturen kamfanin awon gyaɗa da ya yi wa direba a bakin tashar jirgi, lokacin da mutumin zai koma ƙasarsu. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, ba ta son rami. Ni da na tashi a kan sayen matattun motoci ina farke su ina sayar da kayan ciki, ban taɓa ganin amfaninta ba, kuma na sha gaya masa. Amma a cikinta ya koya mini tuƙi a hanyar Zurmi, yana dukan ƙeyata duk sanda na sa giya ta yi ƙara. Da ya bar tuƙi ya koma gida Dauran noma, sai ya kafa mata rumfa bayan rumbu, ya ɗora ta a kan duwatsu. Kaji suka yi ta ƙwai ƙarƙashin kujerarta shekara da shekaru.

A shekarar da zaman ƙauye ya gagara, mutane suna barin gero a tsaye a gona suna gudu, a shekarar ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na je na kwaso shi da Inna Hajara na kawo su gidana a Kaura. Ya bar rumbunansa, shanunsa an kora, gidan da ubanmu ya gina an rufe shi da ƙaya. Duk bai tambaye ni ko ɗaya ba. Da bakinsa ya fara daidaita, abin da ya fara fitowa shi ne:

"Mamman, ina Ƙadangaruwa?"

Duk Kaura Alhaji ake ce mini, shi kaɗai yake kirana Mamman. Na ce tana inda ya bar ta.

"To ni mi nika yi nan?"

"Jinya, Yaya."

"Ban ce zan tuƙa ta ba. Dubi hannun ga. So nika in ji kukanta ko sau guda, kahin a kai ni."

"A kai ka ina? Likita ya ce kana samun sauƙi."

"Likita ɗan wa ne? Tahi ka ɗauko min motata."

Na tafi. Wani direban babbar mota da ke dawowa daga kasuwar Shinkafi ya yarda ya ratsa, da sharaɗin rana tsaka kuma ba zai kashe inji ba. Ragowar mazan da ba su bar garin ba suka ɗaga ta da hannu a kan katako, kowa yana waige. Haka ta shigo Kaura a kan buhunan albasa, mutane suna dariya suna cewa Alhaji ya fara sayen akurkin kaji.

Na aika wa Tanko, wani bakanike na Shinkafi, sa'ana, wanda muka tsufa muna faɗa a kan ciniki. A yankinmu shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka taɓa buɗe irin wannan inji. Ya zo, ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, ya tsinci gashin kaza a kan filogi.

"Alhaji, wagga ai gawa ce. Sallah za mu yi mata ko gyara?"

Yaya Bala yana kan kujera a gindin darbejiyar garkata, an ɗauko shi ya gani. Ya ce da rabin bakinsa, "Tanko, gawar ta girme ka a aiki. Wanke hannunka kahin ka taɓa ta."

Haka muka shiga rani. Kullum da safe a ɗauko shi a kujera, a ajiye a inuwa, mu kuma mu durƙusa. Fistin ɗin cikin injin duka sun manne da tsatsa. Muka cika silinda da kananzir da gas muka bar su suna sha, kullum Tanko ya ɗora guntun icce ya buga a hankali, har ranar da na farko ya motsa. Muka sauke kan inji na kai wurin masu injin sassaƙa suka share fuskarsa. Bawul kuwa Yaya ya hana a kai ko'ina, ya ce da hannu ake niƙa su. Sai ga ni, mutumin da ya daɗe da barin riƙe sifana, ina zaune a kan bokiti ina murza sanda tsakanin tafukana kamar mai burga miya, har fatar hannuna ta saɓule. Ringin fistin na samo a kasuwar Gusau cikin tarkacen wani tsoho da bai san na mece ce ba. Gasket, takardar da ke shiga tsakanin kan inji da jikinsa, Tanko ya yanka da kansa, ya shimfiɗa takardar a kan ƙarfen yana bin gefe da ƙaramar guduma. Da muka zo fenti, na kawo ruwan azurfa irin wanda muke fesa wa kowane inji a kasuwa don ya yi kama da sabo. Yaya ya kusa faɗowa daga kujera. Ya sa aka kankare maiƙon da ke bayan sitata, sai ga launin asali a ƙasa, ja mai duhu kamar zoɓo. Sai da mai fenti ya haɗa ya zubar, ya haɗa ya zubar, kafin ya gyaɗa kai. Ni kasuwata tana can tana lalacewa a hannun yaran shago, gwiwoyina suna ciwo, amma na lura duk ranar da aka yi aiki ya yi faɗa, yakan ci abinci sosai.

Saura kafireta, abin da ke haɗa wa inji fetur da iska. Motar biyu gare ta, jere, kuma ba irin waɗanda kuka sani ba ne. Kowacce tana da hular dalma kamar kofi a kife, a cikin hular akwai ɗan fistin da iska kaɗai take ɗagawa. An ƙera su daidai da juna har gashi ba ya ratsa tsakaninsu. In ka toshe hujin da yatsa ka saki, fistin ɗin yakan sauko a hankali kamar ana tsiyayar zuma. Yaya ya sa muka matso kusa da shi, ni da Tanko.

"Ku ji da kyau. Cikin hulunan ga, tsumma da fetur kaɗai. Ba samfefa, ba soson waya. Wanda ya karce su ya kashe mota."

Mu biyu ya gaya wa. Inna Hajara tana cikin gida.

A lokacin 'yan gwangwan sun matsa wa unguwa da ɗauke duk wani abu na dalma, don masu zubin tukwane suna saye. Sai na kwashe kafiretocin a daro na kai ɗakin ajiya na cikin gida, kusa da buhunan hatsi. Sun yi baƙi ƙirin da daɗewa. Dole ku fahimci halin da Inna Hajara take ciki. Mace ce da ta riƙe babban gida a Dauran, ta ciyar da 'yan ƙwadago a lokacin girbi, ba a ɗora tukunya sai da cewarta. A gidana uwarku Asabe ta girmama ta har ta hana ta komai: kar ki ɗauki tsintsiya, kar ki hura wuta, ki huta. In ta gama juya mijinta, ta wanke shi, ta ba shi abinci, sai ta zauna a bakin ƙofa da hannuwa a kan cinya. Tana jin maza a garka suna yi wa mijinta abin da yake so, ita ba ta da hannu a ciki. Dalma kuwa ta san ta. Duk Dauran ba tukwanen da suka kai nata haske.

Wata rana bayan la'asar ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tsaye da faranti an rufe da ƙyalle, tana murmushi. Tun da muka baro Dauran ban ga haƙoranta ba sai ranar.

"Maigida ƙarami, zo ka ga aikin mata. Ku kuna can kuna ɓata hwetur."

Ta yaye ƙyallen. Hulunan biyu suna walƙiya har ina ganin fuskata. Toka ta sa da yashin gulbi da soson waya, ta dirje su ciki da waje, har da fistin ɗin. Yatsunta duk sun yi ja. Na ɗauki ɗaya na zura yatsa, na ji zanen yashi zagaye da ciki. Na toshe hujin na saki. Fistin ya faɗo tim a tafina kamar dutse.

"Mi na yi?" in ji ta.

"Ba komai, Yaya Hajara. Sun yi kyau."

"Kak ka yi min ƙarya. Tun kana yawo ba wando na san huskarka."

Sai na gaya mata. Ta ajiye farantin a ƙasa a hankali, ta gyara mayafi, ta juya za ta nufi ɗakinsa. Na sha gabanta.

A tsaye a nan na yi lissafi irin wanda na saba yi a kasuwa, kuma har yau ban ga inda na kuskure ba. Yayana mutum ne mai riƙo. Ya taɓa daina magana da maƙwabcinmu har mutumin ya mutu, a kan jaki da ya ci masa dawa. Ciwon ya ƙara masa zafin rai. Kuma ba ya karɓar ko kunu sai daga hannunta. Asabe ta taɓa gwadawa ranar da Inna Hajara take zazzaɓi, ya juya fuska bango ya wuni da yunwa. In ya ji ita ce ta kashe masa abin da ya rage masa a duniya, zai juya mata wannan bangon, kuma mutumin da ya daina ci a irin halinsa ba ya daɗewa. Ita kuma za ta ƙare rayuwarta tana ganin da yashi ta kashe mijinta.

"Ki ba ni lokaci in nemo wasu," na ce. "In na samu, ba wanda zai sani. Ki rantse min ba za ki hwaɗa ba."

"In ba ka samu ba hwa?"

"Dillali ne ni. Ban taɓa rasa kaya ba."

Ta rantse. Ni kuwa na rasa. Tanko ya duba su ya girgiza kai, ya ce ko an ɗora, iska za ta zurare ta gefe, inji ya yi tari ya mutu. Na aika saƙo ta hannun wani ɗan kasuwa na Jangeru da ke ƙetarawa Nijar, don a can ana samun tsofaffin motoci da ba a farke ba. Ya tafi, hanya ta rufe, ya dawo hannu wofi bayan na fid da rai. Na kira abokan sana'a a Kano da Kaduna da Legas, wasu ba su ma gane abin da nake kwatantawa ba. Na kai ɗaya wurin wani mai zubin tukwane a Shinkafi, ya danna ta cikin yashi ya zuba sabuwa. Waje ta fito kamar tagwaye, ciki kuwa kamar bangon laka. Duk wannan lokacin ina ce wa Yaya suna jiƙe a fetur. Shi kuma yana raguwa. Da farko kullum ake fito da shi, sai ya koma wata rana ya ce a bar shi ya kwanta. Faɗan ma ya ragu, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Wata safiya na shiga gaishe shi, ya ce ba tare da ya buɗe ido ba:

"Mamman, hwetur ɗin ga naka bai gama jiƙa su ba? Ni kam na kusa jiƙa."

Ranar na fita bayan garka inda nake tara matattun motoci, na kwance kafiretar wata tsohuwar tasi. Na koma wurin mai zubin tukwanen nan ya zuba mini wuya mai baki biyu da zai haɗa ta da injin. Tanko ya zauna a kan taya yana kallona ina gogewa.

"Wani ya ce min akwai irinsu a Kwatano. Mu ƙara jira."

"Kai kana da lokacin jira. Shi ba ya da shi."

"Zai gane, Alhaji. Kurma ma zai gane."

"Na sani."

"To mi za ka ce mai?"

"Kai dai ɗaura noti."

Muka tada ta ne da hantsi, kwana kaɗan bayan ruwan farko. Nasiru ya zo daga Gusau duba ubansa, shi da wani maƙwabci suka ɗauko kujerar suka ajiye dab da motar. Matan gida suka taru a bakin ƙofar da ke fitowa garka, Inna Hajara a gaba. Injin yana ƙyalli, ja mai duhu, kowane noti a wanke, amma na rufe bonet kafin a fito da shi, kamar hakan zai hana wani abu. Muka rataya galan na fetur da tiyo, Tanko ya haɗa batir. Ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake. A na gaba ta kama, hayaƙi ya turnuƙe darbejiya, mata suka yi guɗa, yaran unguwa suka hau katanga. Ni Yaya nake kallo. Ya rufe ido, ya karkata kai wajen motar. Bai daɗe ba ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Kashe."

Tanko ya kashe.

"Buɗe min bonet."

Nasiru ya buɗe. Yaya ya leƙa, ya ga baƙar kafiretar tasi zaune a inda hulunansa biyu suke zama.

"Ina hulunana?"

Na ga Inna Hajara ta sako ƙafa ɗaya waje, bakinta ya fara buɗewa. Ban shirya abin da zan ce ba, wallahi, har wannan lokacin. Abin da ya fi kusa da harshena ne ya fito.

"Na sayar, Yaya. Wani mutumin Abuja ya taya su da daraja. Na ga wagga ma za ta yi aiki."

Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne, ba wanda ya yi shakka. Nasiru bai ce ƙarya ne ba. Asabe, uwarku, da muka yi zaman shekaru masu yawa, ta sunkuyar da kai don kunya, ba don mamaki ba. Na gina gidaje, na aurar da marayu, na kai mutane Makka, amma da na ce na sayar da kayan yayana yana kan gargara, kowa ya ga ya yi kama da ni. Tanko kaɗai ya juya baya yana goge sifanar da ba ta da datti.

Yaya ya daɗe yana kallona da idon nan nasa guda da yake buɗewa sosai.

"Dillali," in ji shi. "Uwarmu ta haihi dillali."

Ya juya wajen Tanko.

"Tada ta."

Tanko ya dube ni.

"Ba shi za ka duba ba, motata ce. Na ce a tada ta. Maƙogwaron na tasi ne, amma ƙirjin nata ne."

Aka tada ta. Ya sa aka matso da kujerar har ya ɗora tafinsa a kan ƙofarta, inda rawar injin take ratsawa. Haka ya zauna, ido a rufe, rana tana hawa, mata suka koma aikinsu, yara suka gaji suka sauka daga katanga. Bai ɗaga hannun ba sai da galan ya ƙare injin ya mutu don kansa.

Ya rasu kafin a yanke gero. Daga ranar nan har ya cika bai sake ce mini Mamman ba. In na shiga gaishe shi sai ya ce, "Dillali, an tashi lahiya?" in ce lafiya lau. Na so a ce ya kira ni da sunana ko sau ɗaya kafin ya tafi, ba zan ɓoye muku ba. Bayan rasuwarsa Inna Hajara ta so ta faɗa wa 'ya'yanta, ni na hana, don a gidan Nasiru za ta zauna, kuma Nasiru ɗan ubansa ne wajen riƙo. Hulunan suna ƙasan adakarta duk shekarun nan, naɗe a cikin zane. Yanzu suna wurin Asabe. Wanda yake so ya je ya zura yatsa a ciki, zai ji yashin.

In kuna tambaya ko na yi nadama, ga abin da zan iya ce muku. Yammacin ranar da muka tada motar, bayan magariba, na zo wucewa ta bakin ɗakinsa zan fita masallaci. Labule a sake yake. Na ji muryarsa da ƙarfin da na daɗe ban ji ba, yana kai ƙarata.

"Hajo, kin ga abin da ƙanena ya yi min? Yaron da na koya wa tuƙi?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ɗauka za ta karya rantsuwar. Sai na ji cokali ya taɓa kwano.

"Na gani, Malam," in ji ta. "Buɗe baki."

Ya buɗe.